Me yasa mujallun bincike basa buɗe min a gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ina digiri na biyu, in ina cikin makaranta mujallun bincike suna buɗe min kyauta amma da na koma gida sai su ce in biya, sai na bi ta shafin laburare na sa suna da fasawod sannan su buɗe, kuma adireshin sai ya canza yayi tsawo harda sunan makarantarmu a ƙarshe. Wai me ke faruwa ne? Sannan ƙawata tace in ara mata fasawod ɗina, da matsala?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Toh kinga makarantarku ce ta biya kuɗin mujallun nan, su kuma kamfanonin da ke buga mujallun suna gane ku ne ta lambar IP ɗin intanet ɗin makaranta (wato lambar da ke nuna daga inda mutum ya shigo intanet), da kin koma gida lambarki ta canza, shikenan basu sanki ba. Anan furoksi ke shigowa, wata saba ce (wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) da laburare ke ajiyewa, kamar ɗan aike take, ita zata je da lambar makaranta ta karɓo takardar ta miƙo miki, shi yasa adireshin ke canzawa don duk linkin da kika taɓa ya sake bi ta kanta. Wadda aka fi sani ita ce EZproxy, Chris Zagar ya ƙirƙiro ta a 1999, ƙungiyar laburarori mai suna OCLC ta saye ta a 2008.

Wurin sa fasawod ɗin kuma wani tsari ne daban. Makarantu da kamfanoni suna haɗa ƙawance su yarda da shaidar juna, galibi da ka'idar SAML 2.0 ta 2005 da manhaja irin su Shibboleth, eduGAIN kuma na haɗa ƙawancen ƙasashe daban daban. Fasawod ɗinki baya zuwa wajen kamfani ko kaɗan, makarantarku ce ke dubawa sai ta aika saƙo mai sa hannu cewa eh wannan tamu ce, sau da yawa ko sunanki ba'a turawa, kuma ni wlh wannan ɓangaren yafi burge ni. Sai dai ba kowane kamfani ya shiga ƙawancen ba, wasu har yanzu IP kawai suka sani, dole laburare ta haɗa biyun, ki shiga da shaidar makaranta sau ɗaya furoksi ta kai ki sauran wuraren.

Maganar ƙawarki, don Allah kar ki bata. Kowa a makarantarku da lamba ɗaya yake fita ta furoksin nan, in fasawod ya zaga hannu wani ya dinga sauke takardu ba ƙaƙƙautawa kamfani zai iya toshe lambar gaba ɗaya, duk ɗaliban da ke bi ta furoksin su rasa, kuma da an duba rajistar saba sunanki za'a gani, gashi galibi fasawod ɗin shi ne dai na imel ɗinki na makaranta. In ɗalibarku ce taje laburare a gyara mata nata, in ta wata makaranta ce ta duba maɓallin shiga ta makaranta a shafin mujallar ta nemi sunan tasu.