Tsohon dutsen silet a bangon waje: zai jure ruwan Legas?

Malam, ka ce an yi maka tayin tsohon silet, wato fallayen dutsen rufi, da aka cire daga rufin wani gida, kana so ka lulluɓe bangon gidanka na Ajah da shi. Zai yi, amma fara tabbatar da cewa dutse ne. A nan Legas har fallen asbesto da siminti ana ce masa silet, shi kuwa ƙurarsa tana lalata huhu. Dutsen gaske yana tsagewa falle-falle.

Ka ƙwanƙwasa kowane falle da guduma. Mai kyau zai yi ƙara tamkar faranti. Wanda ya yi shiru-shiru ya sha ruwa, ajiye shi gefe. Haka wanda ramin ƙusarsa ya yage ko yake fitar da tabon tsatsa. Saboda wannan tacewar, ka sayo ƙarin kashi 20 cikin ɗari.

Kada a manna shi da siminti a kan filasta. Ruwa zai shiga baya, a kwana a tashi dutsen ya fara zubowa. A kafa katako a tsaye, a gitta wani a kansa, iska ta riƙa ratsawa. Katakon a jiƙa shi da maganin gara. Kowane falle a kafa shi a kan katakon da aka gitta da ƙusa biyu, ta tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, don iskar gishirin bakin teku tana cinye ƙusar kasuwa. Kada a buga ƙusar ta matse dutsen, zai tsage.

A jera daga ƙasa, kowane layi ya rufe haɗin na ƙasansa. Bangon yamma kuwa, baƙin dutse yana kwasar zafin la'asar sosai, can tazarar iskar ta fi amfani.