Kuɗin da Dodgers suka zuba a ƙarshen 2023 ya biya kuwa?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko 'yan wasan da Dodgers, ƙungiyar besbol ta Los Angeles a Amurka, suka ɗauko kafin kakar besbol ta 2024 sun cancanci kuɗinsu, ko dai almubazzaranci ne. Ni masoyinsu ne, don haka ka ɗan rage gishiri a maganata.

Shohei Ohtani, ɗan Japan da ya ƙware a jifa da bugun ƙwallo duka, ya sa hannu kan dala miliyan 700 na shekara 10, amma nan mutane ke yin kuskure. Miliyan 680 an jinkirta biyansu zuwa 2034 har 2043, a hannu miliyan 2 kawai yake karɓa duk shekara. Wannan ya ba su sararin ƙara Yamamoto, mai jefa ƙwallo daga Japan, kan miliyan 325 na shekara 12. Ohtani bai yi jifa ba a 2024 saboda tiyatar gwiwar hannu, duk da haka ya fitar da ƙwallo bayan shinge sau 54.

Glasnow, mai jefa ƙwallo da suka karɓo daga ƙungiyar Rays, rauni ya hana shi wasannin ƙarshe. Cinikin da ya fi burge ni shi ne na Teoscar Hernández, kwantiragin shekara ɗaya kacal.

Dodgers sun doke ƙungiyar Yankees a wasa huɗu cikin biyar na zagayen ƙarshe sun ɗauki kofin 2024, amma kada ka auna kwantiragin shekara 12 da kaka guda. Lissafin harajin da ake ɗora wa manyan masu kashe kuɗi kuwa, nemi masu sharhin da suka san yarjejeniyar ƙungiyar 'yan wasa da masu kulob.