Me ya sa injiniya ya ce maka "climb down"?

Ɗana, jiya da muna tattara kaya ka yi mini tambaya, gajiya ba ta bar ni na amsa maka yadda ya kamata ba. Ka ce injiniya ya ɗaga kai ya gan ka a kan tsani ya ce "climb down", alhali a makaranta an koya maka cewa "climb" hawa ne. To ina hawa ina ƙasa? Har ka ce ko Turancin ne ya kuɓuce masa. Bai kuɓuce masa ba, daidai ya faɗa. Na kuma ji daɗin tambayar, domin kalma ce da za ta bi ka duk inda aikin wuta da sola ya kai ka.

Malaminka bai yi kuskure ba. Idan kalmar ta zo ita kaɗai, sama take nufi: "climb the ladder" hau tsani, "climb the pole" hau falwaya. Abin da ba a gaya maka ba shi ne, a cikin kalmar akwai hannu da ƙafa. Tafiya ce ta kamawa da riƙewa, ka saki nan ka kama can, nauyin jikinka yana wuyanka. Ka tuna masu hawan giginya a ƙauyenku, yadda mutum yake rungumar kututture da ƙirji da cinya. Idan ya gama zai dawo ƙasa, ai ba sakin bishiyar yake yi ba. Yadda ya runguma ya hau, haka yake runguma ya sauko. Wannan saukowar ita Bature ke ce wa "climb down". Shi ya sa za ka ji ana haɗa ta da wasu ƙananan kalmomi: "climb over" ga wanda ya haura katanga, "climb into" ga wanda ya kutsa cikin silin ta ƙaramar ƙofar nan da muke shiga jan waya, "climb out" ga wanda ya fito daga rami ko rijiya. Wani sama ya nufa, wani ƙasa, wani gefe, amma kowannensu da hannu da ƙafa yake fama. Wanda kuwa lif ya ɗauka ya kai shi hawa na goma, ba a cewa ya yi "climb". Sai a ce "go up", domin ba shi ya yi wahalar ba.

Wajen faɗa, kada ka furta harafin ƙarshe. "Kilaim" ake cewa, ba "kilimb" ba, haka ma idan aikin ya wuce, "climbed", wannan b ɗin a kwance yake. 'Yan'uwansa suna nan a "thumb", "comb", "lamb" da "plumber", mai gyaran famfo da muke haɗuwa da shi a wajen gini. A tsohon Turanci "climban" ake rubutawa, kuma a da can ana furta b ɗin, daga baya baki ya yar da shi, rubutu ya riƙe. Mutanen Holan har yau "klimmen" suke cewa.

Inda mu Hausawa muke tuntuɓe shi ne, "hau" tamu ta fi tasu faɗi nesa ba kusa ba. Mu muna hawa doki, mu hau mota, mu hau babur, sarki ya hau gadon sarauta, a yi hawan sallah, maigida ya hau yaro da faɗa, likita ya ce jini ya hau. Sai mutum ya ɗauka duk inda "hau" ta shiga "climb" ma za ta shiga. A Turancin titi na Najeriya za ka ji ana cewa "climb okada", kowa ya gane, ba wanda zai tsayar da kai. Amma a takarda ko gaban baƙo, doki da babur "ride" ake yi musu, mota a ce "get in", jirgi a ce "board". Idan ka ce wa Bature ka yi "climb" ɗin mota, zai iya ɗauka kan rufinta ka ɗare.

Akwai wata da nake so ka kiyaye fiye da waɗannan, wato "mount". Ita ma tana iya nufin hawa, kamar hawan doki, amma a takardar da ke zuwa da farantin sola ma'anarta ka kafa abu ka ɗaure shi a mazauninsa. "Mount the panel" ba cewa aka yi ka taka shi ba. Hasali ma takardun nan gargaɗi suke yi kada a taka faranti, domin ko gilashin bai fashe ba, abin da ke ciki yana tsagewa ta yadda ido ba ya gani, sai bayan watanni mai gida ya ga wuta ta ragu. Sannan "raise" da "lift" kai ne ke ɗaga abu, kamar yadda muke ɗaga tsani mu jingina. "Rise" kuwa abin ne ke tashi da kansa, kamar hayaƙi ko rana. Za ka ji an ce jirgin sama yana "climbing", ko zafi, ko farashin siminti. Wannan aro ne, suna nufin abu yana ta yin sama kaɗan-kaɗan kamar mai taka matakala. A takardun manyan kamfanoni kuma za ka ga "ascend" da "descend", su ma hawa da sauka ne, sun dai sa babbar riga.

Yanzu bari mu dawo kan tsanin da aka ce ka sauko daga kansa, domin ni ma na ga abin da injiniyan ya gani. Ka juya wa tsani baya, kana saukowa kamar mai sauka daga matakalar bene, filaya a hannu ɗaya, guntun waya a ɗayan. Da "come down" kawai ya ce, da ka ce ai saukowa kake yi. Ni a kunnena "climb down" tana ɗauke da yadda ake saukar: fuska ga tsani, hannu a riƙe.

Shekarun baya, tun ban kai ka ƙwari ba, muna wani aiki a gidan bene. Na gama ɗaure waya da hantsi, kwano ya fara zafi, tafin hannuna duk gumi. Hawa na yi shi da natsuwa, domin mai hawa yana jin tsoro. Da na gama sai zuciyata ta riga ni isa ƙasa. Saura matakala huɗu na saki hannu ɗaya don in gyara jakar kayan aiki, ƙafar tsanin kuma a kan tayil take, ba wanda ya riƙe. Ƙarar da na fara ji ita ce ta ƙarfe yana gogar tayil. Wata biyu ban ɗaga guduma da hannun dama ba, kuma har yau idan sanyin hunturu ya shigo wuyan hannun nan yana tuna mini. Matakala huɗu kacal.

Ƙa'idojin ba su da yawa, kuma ba ni na ƙirƙiro su ba. Ingila ta yi dokar aiki a sama a 2005, hukumar kula da lafiyar ma'aikatansu kuma tana koyar da abin da tsofaffin magina suka sani da ido. Duk mita 4 na tsayi, ka ja ƙafar tsani mita 1 daga bango, wato ya kwanta kamar digiri 75. Idan ya miƙe da yawa zai kifo da kai ta baya, idan ya kwanta da yawa ƙafarsa za ta zame. Idan kan rufi za ka taka, tsanin ya zarce bakin rufin da mita 1, kimanin matakala 3, don ka sami abin kamawa lokacin da za ka juyo. Wannan juyowar, daga kwano zuwa tsani, ita ce wurin da na fi jin tsoro a aikin nan gaba ɗaya. Kuma a kowane lokaci gaɓoɓi uku su kasance a jikin tsani, hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Kayan aiki su zauna a jaka ko a bel, mai nauyi a jawo shi da igiya. A Amurka dokar wuraren gini ta ce daga ƙafa 6, wato kusan mita 1.8, dole a yi wa ma'aikaci tanadin abin da zai tare shi idan ya faɗo. Dubi ƙanƙantar wannan tsayin, ko kan katangar gida bai kai ba.

Idan ka ga an rubuta "Do not climb" a jikin turke ko shingen taransifoma, kada ka tsaya fassara da yawa. Manyan layukan wuta da ke ratsa unguwanninmu masu ƙarfin volt 11,000 ne da 33,000, kuma irin wannan wutar ba ta jira ka taɓa ta, tana iya tsallakowa ta iska idan ka matso. Tsanin alminiyom kuwa hanya ce gare ta, shi ya sa na hana ku ɗaukarsa a tsaye a ƙarƙashin waya. Mutum biyu, a kwance.

Gobe da safe kafin mu fita, ka ɗauko dogon tsanin nan, ka karanta mini rubutun da ke manne a gefensa layi-layi, in da ka tsaya mu warware tare. Bayan haka ka jingina shi a bangon shago, ka auna ƙafarsa da tef, ka hau ka sauko sau biyar ina riƙe maka. Kada ka zo da silifas ɗin jiya, ka sa takalmi mai igiya, kuma mu bari raɓa ta bushe a kan kwano kafin kowa ya taka rufi.