Amsar Yaya Sani ga Maman Ilham: yadda ake gano mutanen da da gonakinsu a ƙauyukan ƙasar Ailan (Ireland)

Ga muryar da Yaya Sani ya turo daren jiya. Na rubuta ta saboda masu cewa ba sa samun damar saurare a wurin aiki, kuma na bar ta yadda ya faɗe ta.

Assalamu alaikum jama'ar gida. Maman Ilham, na ji saƙonki, Allah ya sanya albarka a sabon gida. Ga waɗanda ba su ji ba, sun tare ne a wani ƙauye a gundumar Roscommon, sai makaranta ta ba Ilham aikin rubuto tarihin tawunlan ɗinsu, wato ɗan yankin da gidansu yake: su wa suka zauna a wurin a da, gonar wa ke ina. Sannan akwai wani kangon dutse a bayan gidansu da yarinyar ta matsa sai ta san na wane ne. To bari in faɗi abin da na sani, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Tawunlan dai shi ne mafi ƙanƙantar rabon ƙasa a Ailan, sun haura 60,000 a tsibirin baki ɗaya. Wani gida uku ne kawai a cikinsa, wani ashirin. Kafin a kawo Eircode, wato lambar adireshin kowane gida, a 2015, sunan tawunlan shi ne adireshin mutumin karkara, da shi mai kai wasiƙa yake aiki. Abin farko, ƙanwata, ki tabbatar da wanne ne naku, don sunayen suna maimaituwa sosai, irin su Newtown da Kilmore sai ki same su a gunduma kaza da kaza. Ki shiga townlands.ie ko logainm.ie, ki rubuta sunan, zai nuna miki farish ɗin da yake ciki, wato yankin da ya haɗa tawunlan da yawa, da kuma mazaɓarsa. Ki rubuta waɗannan biyun a takarda ki ajiye, don ko'ina kika je sai an tambaye ki su.

Yawwa. Yanzu ga shawarar da ta fi kowace muhimmanci: ki bi fili, kada ki bi suna. A ƙauye ɗaya sai ki tarar da Patrick Kelly uku, kowa da ɗansa John, kowa matarsa Mary ko Bridget. In kika bi suna, sai kin ɗaura wa wani gonar wani. Shi kuwa fili ba ya tashi. An ba shi lamba tun shekarun 1850, mutane ne ke zuwa suna wucewa a kansa. Saboda haka lambar filin da kangon nan yake kai, ita ce za ki nema, sauran duk su biyo baya.

Amma ki fara da mai sauƙi don yarinya ta ji daɗin aikin: ƙidayar 1901 da ta 1911. Suna nan kyauta a shafin National Archives na Ailan. Kada ki rubuta sunan kowa, ki bi ta wuri: gunduma, mazaɓa, sannan tawunlan. Sai gidajen su fito a jere. Kowane gida da takardarsa, galibi da rubutun hannun maigidan, ga shekarun kowa, addininsa, sana'arsa, ko ya iya karatu da rubutu, ko yana jin yaren Ailan. Wanda bai iya rubutu ba za ki ga ya yi alamar gicciye, ɗan sandan da ya karɓi takardar ya sa hannu a matsayin shaida. Ta 1911 ta ƙara tambayar matan aure shekara nawa da aure, haihuwa nawa, nawa ke raye. Wannan layin yana da nauyi wallahi, za ki ga an rubuta haihuwa goma, masu rai shida, biyu ne kawai kuma suke gida, sauran sun tafi Amurka ko Ingila.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, alhali abin da Ilham ke nema yana a wasu takardu biyu da ke liƙe a ƙasan shafin, B1 da B2. Ita B1 tana faɗin yadda gidan yake: bangon dutse ne ko na ƙasa, rufin jinka ne ko na fallen dutse, ɗaki nawa, taga nawa a gaba, sannan sunan wanda gidan ke kan filinsa. B2 kuma ta lissafa abin da ke tsakar gida: barga, ɗakin shanu, ɗakin maruƙa, ɗakin alade, akurki, rumbu, har da rumfar ajiye busasshiyar ƙasar fadamar nan da suke hura wuta da ita. To ki ɗauki Ilham ku je ku tsaya gaban kangon, ku ƙirga tagogin gaba, ku ƙirga ɗakuna. In taga biyu ne ɗaki biyu, kun riga kun cire duk gidajen da aka rubuta musu taga huɗu. Kin ga aiki ya ragu.

Sai dai kada ki yarda da shekarun da suka rubuta. Za ki ga tsoho yana da 55 a 1901, a 1911 ya zama 72. Dalili shi ne dokar fansho ta 1908, sule biyar a mako ga wanda ya kai 70. Ita kuwa rajistar haihuwa ta gwamnati sai 1864 aka fara ta, ba wanda ke da takarda, sai kowa ya tuna ashe shi tsoho ne. Har jami'ai suka koma tambayar mutum ko ya tuna daren babbar guguwa ta Janairun 1839, in ya tuna to ya isa. Abin dariya abin tausayi.

Muryar ta yanke, ga ta biyu.

To, ina muka tsaya? Yawwa, lambar fili. Akwai wani injiniya, Richard Griffith, shi gwamnatin Ingila ta sa ya kimanta kowane gida da kowace gona a Ailan don a san harajin da za a ɗora. An buga aikin tsakanin 1847 da 1864, na Roscommon a ƙarshen shekarun 1850. Yana nan kyauta a askaboutireland.ie, ki nema da sunan wuri. Shafin tawunlan ɗinku zai fito kamar jadawali. Daga hagu akwai lamba, sai sunan mai zaune a filin, sai sunan wanda yake biya wa haya, sai bayani, misali gida da ɗakunan dabbobi da fili, sai girman filin, sai ƙimarsa da fam da sule da kwabo, irin lissafin da iyayenmu suka yi kafin zuwan naira, sule ashirin fam guda. Girman kuma kashi uku ne, eka da rud da fac. Rud huɗu eka ɗaya, fac arba'in rud ɗaya.

Ki lura da haruffan da ke gefen lambar. Ƙaramin harafi, a ko b, gida ne a kan filin. Yawanci a na manomin ne, b da c na 'yan ƙwadago ne da ke zaune a gefen gonarsa, su za ki ga an rubuta musu gida da ɗan lambu kawai, kuma manomin ne ubangidan hayarsu. Babban harafi kuwa yana nufin mutum ɗaya yana da gona a wuri biyu ko uku da ba su haɗe ba. In an sami masu suna iri ɗaya, ma'aikatan Griffith sukan ƙara sunan uba ko laƙabi a gaba don a bambance, wannan ki riƙe shi da kyau. Wani lokaci kuma za ki ga an haɗa sunaye shida ko bakwai a lamba guda, to gandu ne na haɗin gwiwa, suna biyan haya tare, abin ya yi yawa a yammacin ƙasar.

Akwai taswira tare da jadawalin, da jan layi da lambobi, kuma za ki iya janye ta a hankali ki ga taswirar yau a ƙarƙashi. A nan za ki ga gidanku ya faɗo a lamba kaza. Ƙaramin gargaɗi: taswirorin da aka ɗora a shafin sun ɗan biyo bayan littafin da aka buga, wani lokaci an riga an haɗe gonaki ko an sake lamba. In kika ga jadawali ya ce eka tara, taswira na nuna fili mai faɗin gaske, kada ki tilasta, an sauya ne.

Daga nan sai abin da ni a ganina ya fi komai daɗi, littattafan gyara. Bayan Griffith, ma'aikatan haraji sun ci gaba da zagayawa, duk wanda ya mutu ko ya tashi sai a ja layi a kan sunansa a rubuta na sabo a sama, kowace shekara da launin tawadarta, a gefe kuma a sa shekarar. Sai ki ga layi ɗaya: miji an soke shi da ja, an sa matarsa, ita ma an soke ta da shuɗi, an sa ɗa, daga baya wani baƙon suna ya shigo, galibi suruki ne ko maƙwabcin da ya saya. In gida ya rushe sai a soke kalmar gida a rage ƙimar. Ranar mutuwar kangonku kenan a rubuce. Kuma a nan za ki ga lokacin da aka soke sunan babban mai ƙasa, ɗan haya ya zama mai gona, mafi yawa bayan dokar Wyndham ta 1903 da gwamnati ta ba manoma rance suka sayi filayen da suke nomawa. Na gundumomi shida na Arewacin Ailan suna intanet a shafin PRONI, ma'ajiyar takardun tarihinsu. Na Roscommon kuwa suna hannun ofishin kimanta filaye a Dablin, wanda tun 2023 yake ƙarƙashin hukumar filaye ta Tailte Éireann. Ki tuntuɓe su kafin ki ɗauki hanya. In kuma aikin makaranta ne kawai, ba dole sai kin kai nan ba, amma in kin samu zuwa, ki ɗauki hoto mai launi, don baƙi da fari ya kashe amfanin.

Yanzu wani zai ce me ya sa ba za a duba ƙidayar da ta gabaci 1901 ba. Babu su. Na 1821 zuwa 1851 sun ƙone a Four Courts, ginin kotuna inda aka ajiye su a Dablin, ranar 30 ga Yunin 1922, farkon yaƙin basasa, sai 'yan gutsattsari. Na 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati da kanta ta lalata su. Shi ya sa kowa ya rataya a kan takardun haraji.

Wannan ya kawo ni abin da nake so Ilham ta fahimta, don kada ta rubuta cewa mutanen Griffith su ne mutanen farko. Griffith ya iso Roscommon ne bayan babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta kama dankali. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu miliyan suka yi hijira. A 1841 mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, a 1851 sun dawo wajen miliyan 6 da rabi. Wanda kika gani a jadawali, wanda ya tsira ne. Can kusa da ku, wajen Strokestown, akwai tawunlan mai suna Ballykilcline, filin masarautar Ingila ne, mutanensa suka yi shekaru sun ƙi biyan haya, a 1847 da 1848 aka tashe su, aka sa ɗaruruwa a jirgin ruwa zuwa New York. Wanda ya buɗe Griffith kaɗai ba zai san an yi su ba. Haka 'yan hayar Denis Mahon, babban mai ƙasa a Strokestown, su 1,490 da suka taka daga Strokestown zuwa Dablin a 1847 aka tura su Kanada. Akwai gidan tarihin yunwar a Strokestown Park, ku kai yara wata Asabar.

Don a leƙa bayan yunwa, abu biyu ne. Littattafan ushirin coci na 1823 zuwa 1837, su ma kyauta a National Archives, amma masu gona kawai aka rubuta, ɗan ƙwadago ba ya ciki, kuma rubutun sunan wurin kan bambanta da na yau. Sai taswirar farko ta hukumar auna ƙasa, Ordnance Survey, mai ma'aunin inci shida ga kowane mil, wadda aka auna tsakanin 1829 da 1842, tana shafin taswirori na GeoHive. Ki buɗe ta, ki ƙirga 'yan baƙaƙen ɗigon gidaje, sannan ki buɗe ta inci 25 ta wajajen 1900 ki sake ƙirgawa. In Ilham ta sa hotunan nan biyu gefe da gefe, ta gama rabin aikinta.

Haihuwa da aure da mutuwa suna irishgenealogy.ie daga 1864, kuma ana rubuta tawunlan a ciki. Na cocin Katolika kafin nan suna shafin National Library, sai dai rubutun limaman yana wahalar karantawa, wani ma da Latin ne. Ki bar wannan sai in ya zama dole.

Abin da zai burge malamarta shi ne duchas.ie. A ƙarshen shekarun 1930 an sa yaran firamare sama da 50,000 su je wurin kakanni da maƙwabta su rubuto labaran gargajiya, sunayen gonaki, rijiyoyi, tsoffin hanyoyi, labarin yunwa. Ki nemo makarantar da ta fi kusa da ku, da wuya ki rasa wani abu, wataƙila ma makarantar Ilham ɗin ce.

Sannan ki shirya ɗan abin taɓawa ki je ki gaida dattijon da ya fi daɗewa a layinku, ki tafi da taswirar a buge a takarda, ba a waya ba. Mutanen nan suna son a tambaye su wannan. Kowace gona tana da sunan da suke kiranta da shi, sau da yawa sunan gidan da ya ƙare tun tuni, kuma ba ya cikin kowane littafin gwamnati. Abu ɗaya, maganar fili a karkarar Ailan tana da zafi, ki fara da cewa aikin makarantar yarinya ne, kada a ɗauka kina binciken iyakar gonar wani. Kuma kangon nan yana da mai shi, a nemi izini kafin a shiga, a yi hankali da bango kada ya rufto.

Ki turo mini sunan tawunlan ɗin da farish ta gefe, ba a nan cikin jama'a ba, in duba miki lambar filin a Griffith bayan na taso aiki gobe in Allah ya kai mu. A gaida Baban Ilham. Wassalamu alaikum.