Tambayi Likita: Ƙwayar MDMA da firgicin yaƙi

Tambaya: Likita, ƙanena ya baro Wad Madani da ke Sudan bayan faɗa ya shiga garin a ƙarshen 2023, yanzu yana wurina a Jidda. Ba ya barcin kirki, yakan farka tsakar dare sharkaf da gumi. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura, kuma ba ya yarda a ambaci Madani a gabansa. An yi masa ruƙiyya, ba mu ga sauƙi sosai ba. Na ga ana yaɗawa a WhatsApp cewa wata ƙwaya, MDMA, ta warkar da tsofaffin sojojin Amurka masu irin wannan larura. Gaskiya ne? A ina ake samunta? *Malam Usman, Jidda*

Amsa: Malam Usman, Allah ya ba shi lafiya, ya bar zumunci. Abin da ka kwatanta ya yi kama da ciwon da muke kira PTSD, wato firgicin da ke bin mutum bayan ya tsira daga bala'i, amma sai likita ya zauna da shi kafin a tabbatar.

Labarin MDMA ba ƙarya ba ne zalla, rabinsa dai aka ba ka. Kamfanin Merck na Jamus ne ya fara haɗa sinadarin a 1912. A shekarun 1970 wasu masu jinyar ƙwaƙwalwa a Amurka suka riƙa gwada shi, daga baya ya faɗa hannun 'yan casun dare da sunan Ecstasy, gwamnatin ƙasar ta haramta shi a 1985. Aikinsa a ƙwaƙwalwa shi ne ya sa ta zubo da sinadarin serotonin mai yawa lokaci guda, ya kuma lafar da sashen da ke kaɗa ƙararrawar tsoro. Na 'yan sa'o'i sai mutum ya iya ba da labarin abin da ya gani ba tare da zuciyarsa ta tsinke ba. Abin da ya ja hankalin masu bincike ke nan, domin babbar wahalar jinyar wannan ciwo ita ce mara lafiya ya yarda ya tunkari abin da yake gudu.

An yi manyan gwaje-gwaje biyu. A na farko, wanda aka wallafa a 2021 da mutum 90, kashi 67 cikin ɗari na waɗanda suka sha MDMA sun fita daga sahun masu ciwon, waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta kuma kashi 32. A na biyu, a 2023 da mutum 104, kashi 71 ne da kashi 48. To amma dubi yadda aka yi. Ba wanda aka damƙa wa ƙwaya ya tafi gida. Sau uku kacal aka ba kowa, da tazarar kusan wata guda, a ɗakin jinya, yana kwance kimanin sa'a takwas, ƙwararru biyu na zaune a gefensa, ana auna hawan jininsa da zafin jikinsa. Ban da wannan akwai zaman tattaunawa goma sha biyu ba tare da ƙwayar ba. Tun farko ma an tace mutanen, an cire masu ciwon zuciya, da masu hawan jinin da ya ƙi sauka, da masu taɓin hankali mai sa gane-gane. Ka kuma lura da wannan kashi 48 ɗin: kusan rabin waɗanda ba su sha MDMA ba sun samu sauƙi da zaman magana kaɗai. Masu tura bidiyo ba sa faɗin wannan.

Duk da haka, a watan Agustan 2024 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta ƙi amincewa da shi, ta ce a sake wani gwajin. Kafin nan kwamitin masananta ya ƙi gamsuwa da hujjar amfaninsa da ƙuri'a 9 da 2. Dalilansu masu ƙarfi ne. Kusan duk wanda ya sha MDMA ya gane ita ya sha, saboda haka da wuya a raba aikin maganin da aikin sa rai. Ba a tattara isassun bayanai kan illarsa ga zuciya da hanta ba. An kuma samu wani mai jinya a Kanada da ya ci amanar mara lafiyar da ke hannunsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga maganin da ke sa mutum ya saki jiki da duk wanda ke gabansa. Ostareliya ce ta ba wasu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da shi tun Yulin 2023. A nan Saudiyya haramtacce ne, ba asibitin da zai ba ka.

Ra'ayina, akwai alamar amfani, kuma ya kamata a ci gaba da bincike. Amma ƙanenka ba zai zauna jiran wannan ba alhali akwai jinya a hannu. Akwai zaman tattaunawa da ƙwararre wanda ke bin abin da ya faru daki-daki, a hankali, har tunanin ya daina girgiza mutum. Akwai hanyar EMDR, inda mutum ke tuno abin da ya faru yana motsa idanunsa hagu da dama bisa jagorancin ƙwararre. Akwai kuma magunguna irin su sertraline da paroxetine. Ka kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, su nuna maka inda za ka kai shi. A gida kada a matsa masa sai ya ba da labari, kada kuma a ce masa "ai ya wuce, ka yi tawakkali" kamar rashin imani ne ke damunsa. Zuwa asibiti ba ya hana a ci gaba da addu'a. Idan ya fara zancen gara ya mutu ya huta, a kai shi asibiti ranar, kada a kwana.

Tambaya: Ina aiki a Riyad. Damuwa ta yi mini yawa, wani abokina ya ce zai samo mini MDMA, wai ba kamar ƙwayar Captagon ta 'yan shaye-shaye ba ce, har magani ake yi da ita a Turai. Ko sau ɗaya ne akwai illa? *Wani matashi, Riyad*

Amsa: Ƙanena, abokin naka shi kansa bai san abin da ke cikin ƙwayar ba. Ta ɗakin bincike tsarkakakkiya ce, an auna ta da miligiram. Ta bayan fage kuwa ana cakuɗa ta da shabu (ƙwayar methamphetamine), ko kafeyin, ko wani sinadari mai suna PMMA wanda ya kashe mutane a Turai. Shi PMMA yana jinkirin tashi, sai mutum ya ɗauka ƙwayar ba ta da ƙarfi ya ƙara wata.

Ko da tsantsarta ce, sau ɗaya na iya kaiwa lahira, kuma ta hanyoyi biyu da suka fi kama mu a ƙasar nan. Tana ɗaga zafin jiki, ga shi muna inda rana ke haura digiri 45 a bazara. Idan jiki ya zarce digiri 40 naman jiki na iya fara narkewa, ƙoda ta tsaya. Ta biyun ta fi ba mutane mamaki: ƙwayar na sa jiki ya riƙe ruwa, mutum kuma ƙishi na damunsa yana ta kwankwaɗa, sai gishirin jininsa ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura, farfaɗiya ta biyo. Mata sun fi faɗawa wannan. Ƙara da hawan jini, bugun zuciya, da datse haƙora har muƙamuƙi ya yi tsami.

Ga mai damuwa irinka ma cinikin asara ne. Serotonin ɗin da ta zubar sai jiki ya ɗauki kwanaki kafin ya mayar, shi ya sa bayan kwana biyu ko uku ƙunci ke dawowa fiye da da. Batun hukuma kuwa ba sai na gaya wa mazaunin Saudiyya ba. Baƙon da aka kama da ita ɗauri ne da kora, safararta kuma hukuncinta na kaiwa ga kisa. Ka je ka ga likita a kan damuwar, ita ce ainihin ciwon.

Tambaya: 'Yata tana shan sertraline wata biyu ke nan. Yayanta da ke Ingila ya ce masu gwajin MDMA sai da suka daina irin wannan magani tukuna. Ta daina ne? *Hajiya Balaraba, Shara Mansur, Makka*

Amsa: A'a, Hajiya, kada ta daina. Gaskiya ne an janye wa masu gwajin magungunansu, amma a hankali, a ƙarƙashin idon likita, don sertraline na dusashe aikin MDMA. 'Yarki ba ta cikin wani gwaji. Yanke shi farat ɗaya na kawo jiri, rashin barci da saurin fushi, ciwon kuma ya dawo. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa takwas kafin a ga amfaninsa, don haka yanzu ne lokacin komawa wurin likitanta a duba ko a ƙara ko a canja. Ki kuma kula kada ta haɗa shi da tramadol ba da sanin likita ba, haɗin na iya kawo zazzaɓi mai zafi, karkarwa da ruɗewa.

Tambaya: Na tsinci ƙwayoyi masu launi a aljihun ɗana. Ina tsoron in kai shi asibiti a kira masa 'yan sanda. *Wani uba, Jidda*

Amsa: Alhaji, dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Saudiyya ta tanadi cewa ba a gurfanar da mai shaye-shayen da ya kawo kansa neman magani, ko iyayensa, ko matarsa, ko danginsa suka kawo shi, muddin ya miƙa abin da ke hannunsa. Cibiyoyin Irada na Ma'aikatar Lafiya don wannan aiki aka kafa su, kuma akwai ɗaya a nan Jidda. Ka kira 937 tukuna ka ji takardun da ake buƙata, musamman idan akwai matsalar iƙama, wato takardar izinin zama. Ka yi magana da shi da rana, lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba a gaban ƙannensa ba.

Idan kuwa wata rana ya shigo jikinsa rau da zafi, yana sambatu, ko amai, ko ya fara farfaɗiya, ka kira motar asibiti ta 997 nan take. Kafin su iso a kai shi ɗaki mai sanyi, a rage masa tufafi, a shafa masa ruwa a jiki, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa ruwa ko madara a baki. Ka gaya wa ma'aikatan abin da kake zargin ya sha, ka kuma tafi da ƙwayoyin su gani.