Me Ya Sa Ake Koya Mana Sauraron Uwar Yaro?

Tambaya: Ni ɗalibar koyon aikin jinya ce a Tawa. Me ya sa malamanmu suke matsa mana mu zauna da uwa, alhali yaron ne ba shi da lafiya?

Amsa: 'Yata, jariri ba ya faɗin ciwonsa, uwa ce bakinsa. Idan ma'aunin damtse, tsiri mai launuka da ake auna kaurin damtsen yaro da shi, ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, kin san tamowa ta yi tsanani, amma uwar kaɗai za ta gaya miki yaushe aka yaye shi da ranar da zawo ya fara. Ita ce kuma za ta dama garin gishiri da sukari a gida, don haka ki sa ta gwada a gabanki. Ko ta makara wajen kawo shi, kada ki tsawata mata, domin wadda aka kunyata ba kasafai take dawowa ba.