Alamar Read-only Ta Ƙi Fita Daga Folda

Tambaya: Malam, ina amfani da Windows 10. Duk lokacin da na cire alamar Read-only (wato a karanta kawai, ba gyara) daga foldar aikina, sai in tarar ta dawo. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Ɗan murabba'in da kake gani a cikin akwatin Read-only, a tagar Properties ta foldar, ba ya nufin an kulle foldar, domin Windows ba ta hana rubutu a folda saboda wannan alama. Tana amfani da ita ne wajen gane foldar da ke da tsari na musamman, wanda ake ajiyewa a ɓoyayyen fayil mai suna desktop.ini. Idan ka cire alamar ka danna Apply, fayilolin da ke ciki ne ake cire wa alamar, akwatin kuwa zai koma yadda yake, kuma wannan ya ruɗa mutane da dama.

Idan fayilolin ne suka ƙi karɓar gyara, ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, da ikon mai kula da kwamfuta, ka rubuta attrib -r "D:\Aiki\*" /s /d, amma ka sa adireshin taka foldar a madadin wannan. Harafin /s yana shigar da ƙananan foldoji cikin aikin.

In har abin ya ci gaba, to matsalar ta izini ce: ka duba shafin Security a tagar Properties ta foldar, ka tabbatar sunanka yana da ikon Modify, wato na gyara. Idan kuma katin SD ne, ka fara duba ɗan makullin da ke gefensa.